Yadda Ake Zaɓar Katin Girafik Mara Ƙara Mai Sauƙin Kuɗi Don Sabar ta Gida

Sabar ta gida kwamfuta ce da ba a kashewa. Tana kunne dare da rana, sau da yawa a ɗakin da ake zama ko ake kwana, tana ajiye fayiloli, tana tura fina-finai zuwa talabijin da wayoyi, wani lokaci tana lura da kyamarori. Saboda haka abin da mai wasan gem yake nema a katin girafik ba shi kake nema ba. Kai abu uku ne damuwarka: katin ya iya takamaiman aikin da za ka ba shi, kada ya sha wuta a lokacin da yake zaune ba aiki, kada kuma ya dami kunne. Mafi yawan waɗanda suka yi asarar kuɗi a nan sun fara ne da tambayar wane kati ya fi ƙarfi, alhali tambayar farko ita ce ko ana ma buƙatar katin.

Kayan da za ka tanada

Littafin madabod ɗinka, wato babban allon da ake soka dukkan sassan kwamfuta a jikinsa, ko aƙalla lambar samfurinsa don ka nemo bayanansa. Rula ko tef mai milimita. Sukudireba mai kan kuros. Ƙaramar mitar wuta irin wadda ake sokawa tsakanin soket da filogin kwamfuta, mai nuna wat. Filashi ɗauke da tsarin aiki na Linux mai tashi kai tsaye ba sai an girka ba. Monita da wayarta, ko da ta aro ce, domin ranar farko kawai za ka buƙace ta. Fanka guda mai faɗin milimita 92 ko 120 da igiyoyin ɗauri na roba. Idan katin hannu za ka saya, ƙara da man shanye zafi, auduga da sifirit na goge kayan lantarki.

In babu mitar wuta, aikin zai yiwu, sai dai za ka dogara da abin da manhaja ta gaya maka, wanda ba kullum yake cika ba.

1. Tantance aikin da katin zai yi

Ayyukan da suke sa a saka kati a sabar kusan huɗu ne, kuma kowanne da katinsa.

Na farko, fitar da hoto kawai: ka ga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka girka tsarin aiki, ka duba abin da ya faru ranar da sabar ta ƙi tashi. Wannan ko kati mafi rauni zai yi shi.

Na biyu, juya bidiyo. Idan kana da manhajar tura fina-finai irin Jellyfin, Plex ko Emby, kuma wayar da ake kallo da ita ba ta iya karanta tsarin fayil ɗin, ko intanet ɗin mai kallo bai kai ɗaukar girmansa ba, dole sabar ta warware bidiyon ta sake naɗe shi nan take. A cikin katin akwai wani ɗan sashe na daban da aka keɓe wa wannan, rabinsa na warwarewa rabinsa na naɗewa. A wajen Nvidia sunansu NVDEC da NVENC, a wajen Intel Quick Sync. Wannan sashe shi za ka saya, ba ƙarfin gem ba. Kati mai tsada da mai araha na zamani ɗaya sukan ɗauki sashe iri ɗaya.

Na uku, miƙa katin kacokan ga wata kwamfutar kwaikwayo, wato ta manhaja da ke gudana a cikin sabar ta hanyar tsari irin Proxmox ko makamancinsa. Na huɗu, lissafin ƙirƙirarriyar basira, kamar gane fuska a hotuna ko gudanar da ƙananan manhajojin hira. Na huɗun nan ƙwaƙwalwar kati yake ci, kuma da zarar ka shiga shi da gaske, maganar araha da shiru ta fara kuɓucewa.

Rubuta aikinka a takarda da adadi: bidiyo nawa a lokaci guda, girman hoton 1080p ne ko 4K, tsarin naɗin bidiyon H.264 ne, HEVC ko AV1. Kafin ka ci gaba, buɗe shafin kula na manhajar kallonka yayin da ake kallo. Idan duk na'urorin gidan suna karɓar fayil kai tsaye ba juyi, to aikinka na farko ne, ba na biyu ba.

2. Duba ko ka riga kana da abin da kake nema

Furosesa da yawa suna ɗauke da sashen girafik a cikinsu. A na Intel na tebur, kusan duk wadda lambarta ba ta ƙare da harafin F ba tana da shi. Daga zubi na 7 zuwa sama, wannan sashe yana warware HEVC mai bit 10 yana kuma naɗe HEVC, daga zubi na 11 kuma yana warware AV1. Ga sabar fina-finai ta iyali, wannan ya wadatar har da saura, ba fanka ta ƙari, ba wat ɗin da za a ambata. A na AMD, Ryzen kafin jerin 7000 ba su da shi sai masu harafin G, irin 5600G. Daga jerin 7000 an saka ɗan ƙarami a yawancinsu. Tsofaffin Xeon E5, waɗanda mutane suke so saboda arahar su, ba su da shi sam.

Madabod na sabar na asali kuma yakan zo da ɗan guntun sarrafawa, galibi na ASPEED, mai fitar da hoto ta VGA kuma mai ba ka damar ganin allon ta hanyar sadarwa daga wata kwamfuta. Idan kana da wannan, aiki na farko ya riga ya biya.

Tayar da Linux daga filashi ka rubuta umarnin lspci, mai jero na'urorin da ke haɗe da madabod, ka nemi layin da ke cewa VGA ko Display. Idan ba ka ga komai ba alhali ka san furosesarka tana da girafik, shiga BIOS. Wasu madabod suna kashe na ciki da zarar sun ga wani kati a rami, sai ka nemi wurin da za ka tilasta masa ya zauna a kunne.

Akwai kuma hanyar zama ba kati kwata-kwata. Madabod da yawa suna tashi ba tare da girafik ba: ka ari kati, ka girka tsarin aiki, ka kunna SSH, wato hanyar ba sabar umarni daga wata kwamfuta, ka cire katin. Gwada kafin ka mayar da aron. Wasu sukan tsaya suna ƙara ko suna jiran a danna F1, sai ka kashe wannan jira a BIOS. Wasu kuma ba sa yarda ko me ka yi. Ni dai ban cika son wannan hanya ba, domin ranar da hanyar sadarwa ta lalace ba ka da taga ko ɗaya da za ka leƙa.

3. Auna akwatin da ramin

Tsayin kati iri biyu ne. Cikakke ya kai wajen milimita 111, gajere kuma wajen 69. Siraran akwatunan ofis da ake mayarwa sabar gajere kawai suke ɗauka, kuma dole katin ya zo da gajeren ƙarfen baya. Wannan ƙarfe shi ne abin da masu sayar da katin hannu suka fi batarwa, don haka tambaya tun kafin ciniki.

Auna tsawo daga bayan akwati zuwa abu na farko da zai tare katin, yawanci kejin hadis ko wayoyin SATA. Sannan kauri: katin da ba shi da fanka yakan rama da katon ƙarfen shanye zafi wanda yake cin gurbi biyu ko da ƙarfen bayansa ɗaya ne. Idan ramin da ke ƙasa akwai katin hadis ko na sadarwa, to lissafi ya canza.

Game da ramin PCIe, wato inda ake soka katin a madabod, abu biyu ne: tsawonsa na zahiri da adadin layukan da aka haɗa masa. Rami mai tsawon x16 yana iya zama layi huɗu kawai aka ja masa. Wannan ba matsala ba ce. Juya bidiyo da fitar da hoto ba sa cika layi huɗu, don haka bar babban ramin ga katin hadis ko katin sadarwa mai sauri idan kana da su. Amma karanta littafin madabod: a wasu, cika rami na biyu yana raba na farko gida biyu, x8 da x8, a wasu kuma yana kashe gurbin M.2 ko wasu bakunan SATA, wato wuraren haɗa hadis. Mutum sai ya saka kati ya ga hadis biyu sun ɓace, ya ɗauka sun mutu.

Idan x1 kawai ya rage maka, akwai nau'in ƙaramin katin Nvidia GT 710 da aka ƙera da ƙafar x1. Ya isa fitar da hoto.

4. Lissafa wuta

Ramin x16 yana bayar da har wat 75. Filogi mai ƙafa 6 yana ƙara 75, mai ƙafa 8 yana ƙara 150. Doka mai sauƙi ga sabar ta gida: kada ka sayi katin da ke neman filogi. Wanda ya tsaya a ƙasa da 75 ba ya zafi kamar manyan katuna, kuma ba ya tilasta maka sauya akwatin wuta. Ka lura, wasu siraran kwamfutocin ofis suna da rubutu a jikin madabod kusa da ramin mai iyakance shi zuwa wat 25 ko 35. Haska tocila ka duba.

Lambar wat da ke jikin kwali ta lokacin cikakken aiki ce. Sabar kuwa mafi yawan ranarta a zaune take, don haka wutar zama ita ce take shiga takardar kuɗin wuta. Wat 10 na ƙari, awa 24, kwana 365, ya zama kilowat-awa 87.6 a shekara. Ninka da kuɗin wutar inda kake, sai ka ga tsohon katin gem da aka ba ka kyauta zai iya fin sabon ƙaramin kati tsada kafin shekara biyu ko uku.

5. Zaɓi katin

Don fitar da hoto kawai, GeForce GT 710 mara fanka yana nan, wat 19, ba abin da ke motsi a jikinsa. GT 1030 ya fi shi sabunta, wat 30, akwai shi mara fanka, yana kuma fitar da 4K da kyau. Nau'i biyu ne masu suna ɗaya, mai ƙwaƙwalwar GDDR5 da mai DDR4 wanda ya fi rauni nesa ba kusa ba, ko da yake ga nuna BIOS duk ɗaya ne. GT 730 kuwa suna ne da aka liƙa wa katuna daban-daban, har da masu tsohon guntu na zamanin Fermi mai zafi wanda direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya daɗe da tsayawa. In ba ka iya tantance wanne ne ke hannunka ba, wuce shi.

Don juya bidiyo, nan ne tarkuna suke. Na farko shi ne GT 1030 ɗin nan da na yaba: ba shi da NVENC. Yana warwarewa amma ba ya naɗewa, don haka ba zai sauke wa furosesa babban nauyin ba. Na biyu shi ne Radeon RX 6400 na AMD da ɗan'uwansa RX 6500 XT. A 2022 suka fito, RX 6400 ma akwai gajere mara filogi, ga shi kamar an yi shi don sabar, amma AMD ba ta saka musu sashen naɗe bidiyo ba. Duk katin da kake so, nemi jadawalin da kamfaninsa ya wallafa na tsare-tsaren bidiyon da yake warwarewa da waɗanda yake naɗewa, ka duba layinsa da idonka.

Waɗanda suke yin aikin su ne waɗannan. Quadro P400 na Nvidia: wat 30, ƙwaƙwalwa gigabait 2, gajere, gurbi ɗaya, yana naɗe H.264 da HEVC, kuma ana samunsa da yawa a kasuwar hannu daga kwamfutocin ofis da aka sauke. P620 da P1000 yayyensa ne, wat 40 da 47. Magajinsa T400 shi ma wat 30 ne, akwai mai gigabait 2 da mai 4. Dukkansu bakin Mini DisplayPort kawai gare su, don haka sai da adafta kafin ka haɗa monita.

Sai Intel Arc A310 da A380, waɗanda suka fito a 2022, mai gigabait 4 da mai 6. A ra'ayina su ne zaɓi na farko ga wanda zai sayi sabo don bidiyo, domin suna warware AV1 suna kuma naɗe shi, abin da a wajen Nvidia sai ka kai jerin RTX 40 kafin ka samu naɗewar. Akwai A310 gajere mai gurbi ɗaya da aka rage wa wuta zuwa wat 50. Wasu A380 kuma suna neman filogi, don haka duba hoton bayan katin. Za ka ji ana cewa Arc ba ya aiki sai da Resizable BAR, wani saiti na BIOS. Maganar ta fi shafar gem. Kunna shi idan madabod ɗinka yana da shi, in babu, juya bidiyo yana tafiya.

Idan kana son kati ɗaya ya haɗa bidiyo da ɗan lissafin basira, RTX 3050 mai gigabait 6 yana tsayawa a wat 70 ba filogi, kuma akwai shi mara fanka. Kada ka rikita shi da mai gigabait 8, wanda yake neman filogi kuma ya fi shan wuta.

Yawan bidiyon da za ka juya a lokaci guda ya fi dogara da ƙwaƙwalwar kati. Kowane juyi na 1080p yana cin ɗaruruwan megabait kaɗan, na 4K kuwa yana iya kusantar gigabait guda, musamman idan ana sauke launin HDR zuwa na talakan allo. Gigabait 2 ya isa gidan da 1080p ne yawancin kayansa. Idan 4K ne, fara daga 4. Nvidia kuma tana sa iyaka a direba kan adadin naɗewa a lokaci guda ga katunan GeForce da ƙananan Quadro. Da uku ne, aka ɗaga zuwa biyar a 2023, zuwa takwas a 2024. Katunan Intel ba su da irin wannan iyaka.

Wani abu da ba na kati ba amma yakan tsayar da mutane: a Plex da Emby, juya bidiyo da kati yana cikin abin da ake biyan kuɗi. A Jellyfin kyauta ne.

6. Maganar ƙara

Mutane sukan ɗauka kati mara fanka shi ne ƙarshen magana. Ba haka ba ne. Ƙarfen da ke jikinsa yana tara zafi ne ya miƙa wa iska, in kuwa iskar akwatin ba ta motsi, zafin nan yake zama. GT 710 zai jure saboda wat ɗinsa kaɗan ne. Kati mai wat 70 mara fanka a rufaffen akwati zai haura digiri 80, ya rage wa kansa gudu, ya kuma gasa hadis ɗin da ke kusa da shi, wanda shi ne abu mafi daraja a sabar.

Babban misali shi ne Tesla P4 na Nvidia. Gigabait 8, gajere, wat 75 ba filogi, ba fanka, ga araha a kasuwar hannu. Amma an ƙera shi ne don akwatunan cibiyoyin bayanai inda fankoki masu ƙarfi suke hura iska ta cikin jikinsa daga gaba zuwa baya. A akwatin gida sai ka ɗaura masa fanka da mazurarin iska, kuma ba shi da bakin monita ko ɗaya. Mai son ƙere-ƙere zai ji daɗinsa. Mai neman ya saka ya manta, ya bar shi.

A ɗaya gefen, ƙananan katuna masu gurbi ɗaya suna zuwa da 'yar fanka mai faɗin milimita 40 ko 50. Ƙaramar fanka sai ta yi gudu sosai kafin ta tura iskar kirki, kuma sautinta siriri ne kamar kukan sauro, wanda kunne ya fi tsana a kan gurnanin babbar fanka ko da awonsu ɗaya. Wadda ta fi muni ita ce mai tashi tana sauka kowane 'yan daƙiƙu, domin kunne yana sabawa da sauti mai ɗorewa amma ba ya sabawa da mai canzawa. An san wasu ƙananan katunan Arc da wannan hali. Kafin ka saya, nemi abin da masu amfani da ainihin wannan samfurin suka ce game da fankarsa a zaune, ba abin da aka ce game da guntun gaba ɗaya ba, tunda kowane kamfani da irin sanyayawarsa.

Idan akwatinka yana da fili, kati mai gurbi biyu da babbar fanka wadda take tsayawa cak in zafi bai kai ba ya fi shiru a kan siriri. Juya bidiyo ba ya ɗumama guntun sosai, don haka fankar tana iya wuni ba ta juya ba.

In kuwa ka riga ka sayi mai ƙara, ga gyara. Zare wayar ƙaramar fankar, kwance murfin roba da ke kan ƙarfen shanye zafi, ɗaura fanka mai milimita 92 ko 120 da igiyoyin roba tana fuskantar ƙarfen, haɗa ta da bakin fanka na madabod, ka saita ta a zagaye 600 zuwa 800 a minti. A wannan gudu ba ka jin ta daga taku biyu. Wannan ya dace da katunan wat 30 zuwa 50 kawai, yana iya soke garanti, kuma tunda yanzu fankar ba ta san zafin katin ba, dole ka yi gwajin da ke mataki na 9 kafin ka amince.

Akwai wani tsiririn sauti da ba na fanka ba, daga naɗaɗɗun wayoyin wutar katin yake fitowa. Don ka bambance, tsayar da fankar da yatsa a tsakiyarta na daƙiƙa ɗaya. In sautin ya ci gaba, ba ita ba ce. Ba ya cutar da katin, amma ba shi da magani na kirki sai canji.

7. Tabbatar da direba kafin ka biya

Kati mai araha sau da yawa tsoho ne, tsoho kuma direbansa yana da ranar ƙarewa. GT 710 da sauran 'yan zamanin Kepler sun tsaya a reshen direba na 470. Zamanin Pascal, wato P400, P620, P1000, GT 1030 da Tesla P4, reshen 580 ne na ƙarshe gare su. Ba wai za su daina aiki gobe ba, amma sannu a hankali sababbin Linux za su wuce su, kuma tsare-tsaren aiki na sabar irin TrueNAS da Unraid, inda ba kai kake zaɓar kowane direba yadda ka ga dama ba, suna iya sauke su. Duba shafin tsarin da kake amfani da shi. Wannan shi ne dalilin da zai sa ka ƙara kaɗan ka ɗauki T400 maimakon P400 idan sabar ta shekaru ce.

Don fitar da hoto kawai, buɗaɗɗen direban nouveau na katunan Nvidia da ke cikin Linux ya wadatar, ba ka buƙatar girka komai. Arc kuma yana son kanel na Linux 6.2 ko sama, tare da fakitin famwaya da direban bidiyo na Intel. A tsohon tsari zai bayyana a lspci amma ya ƙi aiki.

8. Idan na hannu za ka saya

Nemi a kunna shi a gabanka, ko a yarda da mayarwa. Juya fankar da yatsa: ta tafi sumul, ba karkarwa ba gurzawa. Duba ƙafafun zinaren da ke shiga rami, da alamun ƙuna ko tsatsa a allon.

Akwai jabun katuna, tsofaffin guntaye irin GTS 450 da aka sauya wa famwaya suna kiran kansu GTX 1050 Ti. Alama mai saurin ganewa ita ce bakin VGA, domin guntayen Pascal ba sa fitar da siginar analog da kansu. A Windows manhajar GPU-Z takan tona su. Tsofaffin katuna sosai kuma wasu ba su san UEFI ba, wato sabon tsarin BIOS, sai an kunna CSM mai kwaikwayon tsohon suke nuna hoto, shi kuwa CSM ba ya zama tare da Resizable BAR da Secure Boot.

Katin da ya shekara biyar ko fiye, sauya masa man shanye zafi. Kwance kusoshi huɗun bayan guntu a gicciye, goge tsohon man da sifirit, ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka mayar. Sau da yawa wannan kaɗai yana sauke zafin har fankar ta lafa.

9. Saka shi ka gwada

Kafin ka buɗe akwati, karanta mitar wuta yayin da sabar take zaune, ka rubuta. Kashe, zare filogi, danna maɓallin kunnawa sau ɗaya don ragowar wuta ta fita, taɓa ƙarfen akwati. Tura katin har maƙallin ramin ya kama, ɗaure ƙarfen baya, kawar da wayoyi daga hanyar fanka.

A BIOS kunna Above 4G Decoding, da ASPM, wato tsarin tsimin wuta na ramukan PCIe. Na biyun yana da muhimmanci ga Arc musamman, domin in ba shi katin yana shan wuta da yawa a zaune. Idan za ka miƙa katin ga kwamfutar kwaikwayo, kunna VT-d a Intel ko IOMMU a AMD.

Bayan ta tashi, lspci ya nuna katin. A Nvidia rubuta nvidia-smi: ka ga suna, zafi, da matakin wuta P8 in yana zaune. Idan ya maƙale a P0 ba aiki, kunna nvidia-persistenced ka sake dubawa. A Intel da AMD duba cewa akwai fayil irin renderD128 a cikin /dev/dri, sannan vainfo ya jero tsare-tsaren da katin yake iyawa. Idan furosesarka ma tana da girafik, za ka ga renderD128 da renderD129, sai ka tabbatar wanne ka nuna wa manhajar. Wanda yake gudanar da Jellyfin a Docker, manhajar da ke killace kowace manhaja a kwantenarta, sai ya miƙa /dev/dri ga kwantenar ya kuma ba ta izinin rukunin render, a Nvidia kuma sai an girka NVIDIA Container Toolkit.

Yanzu rufe akwatin, domin gwaji da murfi a buɗe ƙarya yake faɗa. Tilasta juyi ta hanyar rage ingancin bidiyo a wayarka, buɗe adadin da ka rubuta a mataki na 1, ka bar su minti talatin. Duba da intel_gpu_top ko nvidia-smi cewa sashen bidiyon katin ne yake aiki. In ka ga furosesa ta cika alhali katin yana barci, saitin manhajar bai kama ba, galibi izini ne ko kuma ka zaɓi tsarin da katin bai iya ba. Zafin kati ya tsaya ƙasa da digiri 75, na hadis kuma kada ya ƙaru da fiye da digiri biyu ko uku a kan yadda yake a da. In ya ƙaru, katin ya tare hanyar iska, sai ka mayar da shi wani rami ko ka ƙara fankar gaba.

Sake karanta mitar wuta a zaune. Ƙaramin kati mai lafiyayyen saiti bai kamata ya ƙara fiye da wat 5 zuwa 15 ba. In ya wuce haka, koma kan ASPM da direba. Ka sani kuma, katin da aka keɓe wa kwamfutar kwaikwayo ba shi da direban da zai kwantar da shi in an kashe ta, don haka yakan fi shan wuta da ƙara a lokacin. Barin ta a kunne ya fi sauƙi.

Daga ƙarshe zare monita ka sake tayar da sabar. Juya bidiyo ba ya buƙatar monita, amma idan kana shiga tebur ɗin daga nesa sai ka tarar da baƙin allo ko ƙaramin hoto, soka ɗan filogin HDMI na bogi wanda yake sa katin ya ɗauka akwai monita. A katunan Quadro sai ka nemi irinsa mai bakin Mini DisplayPort, ko ka haɗa na HDMI da adaftar da ka riga ka saya.